Wane ma'auni ne zai nuna ci gaban harkar kuɗi a Nijar daga 1980 zuwa yau?

Sani_Tasawa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masu harkar ƙididdiga da bankuna ce. Idan mutum yana son ya ja layi guda da zai nuna yadda harkar kuɗi ta bunƙasa ko ta ja baya a Nijar daga 1980 zuwa yau, wane ma'auni zai riƙe? Wanda aka fi amfani da shi shi ne bashin da bankuna suka ba 'yan kasuwa da kamfanoni masu zaman kansu, a raba shi da GDP, wato jimillar darajar abin da ƙasa ta samar a shekara. A Nijar layin nan yana sama a farkon shekarun 1980, ya rikito zuwa kashi 5 cikin 100 ko ƙasa da haka a ƙarshen shekarun 1990, daga nan ya riƙa hawa a hankali, kuma har yau bai kai kashi 15 ba. In shi kaɗai aka bi, Nijar ta zamanin arzikin yuraniyom ba ta gaza ta yau ba ke nan. Ni dai hankalina bai ɗauka ba. To me zai maye gurbinsa?

Malam_Ƙididdiga:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Kafin a nemi wanda zai maye gurbinsa, a fara gyara shi tukuna, domin yawancin masu zana layin nan ba daidai suke lissafa shi ba.

Bashin banki adadi ne na rana ɗaya, 31 ga Disamba. GDP kuwa abin da aka samar ne tsawon wata goma sha biyu. In farashi bai motsa sosai ba, raba wannan da wancan ba ya ɓarna. Amma ɗauki 1994, shekarar da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu, hauhawar farashi a Nijar ta haura kashi 30. A irin wannan shekara dole ka raba bashin ƙarshen bana da ma'aunin farashi na Disambar bana, ka raba na ƙarshen bara da na Disambar bara, ka haɗa su ka raba biyu, sannan ka raba abin da ya fito da GDP wanda shi kuma aka raba da matsakaicin ma'aunin farashi na shekarar. Haka Bankin Duniya yake yi a rumbun alƙalumansa na harkar kuɗi. Wanda ya tsallake wannan zai ga tsalle ko faɗuwa da babu su.

Sai lambar ƙasa a rabon, wato GDP ɗin kansa. Hukumar ƙididdiga ta INS ta sabunta lissafin GDP, ta bar 2006 ta koma 2015 a matsayin shekarar tushe, GDP ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga misali da dunƙulallun lambobi: bashi biliyan 600 a kan GDP biliyan 4,300 ya ba ka kashi 14. Bashin nan dai a kan biliyan 5,700 ya koma kashi 10.5. Ko sisi bai bar banki ba. Saboda haka duba da kyau ko jerin GDP ɗin da ke hannunka tushe ɗaya ne daga farko har ƙarshe. In ba ɗaya ba ne, ka nemi shekarar da tsohon lissafi da sabo suka haɗu, ka fitar da ninkin da ke tsakaninsu, ka ninka tsofaffin shekaru da shi. Ba cikakken magani ba ne, tunda kana ɗauka cewa abin da aka manta ƙirgawa a 2015 daidai yake da wanda aka manta a 1985, amma ya fi a bar tsani a tsakiyar layi.

Dr_Kabiru_Zariya:
Mu a Najeriya abin ya fi haka muni. A Afrilun 2014 da aka mayar da shekarar tushe 2010 daga 1990, GDP na 2013 ya ƙaru da kusan kashi 89. Duk wani ma'auni da ake rabawa da GDP ya kusa rabewa biyu cikin kwana ɗaya. Gana ma ta ga ƙarin kusan kashi 60 a 2010. Ina goyon bayan Malam.

Hadiza_Yamai:
Malam Ƙididdiga ya gyara lambar ƙasa, amma babbar matsalar tambayar Malam Sani a lambar sama take, wato bashin. Bashin shekarun 1980 da na yau suna ɗaya gare su, amma ba abu ɗaya ba ne.

A wancan lokaci babban mai ba da bashi shi ne BDRN, bankin gwamnati, ga kuma CNCA na manoma. Kaso mai yawa na bashin ya tafi ga kamfanonin gwamnati, da bashin sayen amfanin gona na kaka, da mutanen da aka ba don sanayya ba don an auna ko za su iya biya ba. Da farashin yuraniyom ya faɗi, ga farin 1984, sai bashin ya maƙale, amma yana nan a littafi ana ƙirga shi kamar lafiyayye. Da aka rufe BDRN a 1990 aka kafa SONIBANK a madadinsa, rubabben bashin ya fita daga lissafin bankuna. Don haka wani ɓangare na faɗuwar da kake gani ba janye bashi aka yi daga hannun 'yan kasuwa ba, share littafi aka yi. Tudun 1982 kumburi ne, ba ƙiba ba.

Abin yi shi ne: in ka samu rabe-raben, cire bashin kamfanonin gwamnati daga lambar sama a dukan shekaru, sannan ka cire bashin da ya ƙi biyuwa. Bankin Duniya da kansa ya rubuta a bayanin ma'aunin cewa a wasu ƙasashe bashin kamfanonin gwamnati yana ciki. Mutane ba sa karanta wannan bayanin.

Lawali_Ƙonni:
Kun cika wahalar da kanku. A ɗauki M2 a raba da GDP, an gama. Kuɗin da ke yawo a ƙasa ai ba ya ƙarya.

Hadiza_Yamai:
Malam Lawali, a Nijar shi ya fi kowane yin ƙarya. M2 ya ƙunshi tsabar kuɗi a hannun jama'a da ajiya a bankuna. To wa ya san tsabar sefa nawa ke cikin Nijar? Ƙasashe takwas ne ke amfani da takarda ɗaya. Kowace takarda tana ɗauke da harafin ƙasar da aka fitar da ita, H na Nijar, B na Benin, C na Burkina Faso, A na Kodebuwa. Takardar H tana tafiya Kwatano sayen kaya, takardar B tana shigowa Gaya. BCEAO, babban bankin ƙasashen sefar, sai ta tantance takardun da suka dawo rassanta kafin ta ƙiyasta rabon kowace ƙasa, kuma in tantancewar ta yi jinkiri sai a zo daga baya a gyara alƙaluman shekarun da suka wuce. Ga kuma naira da ake ciniki da ita a garinku da kasuwannin kan iyaka, wadda ba ta cikin lissafin kowa.

Ban da wannan, yawan tsabar kuɗi ba alamar ci gaba ba ne. In dai M2 ake so, a cire tsabar, a bar ajiya kaɗai a kan GDP. Sannan a zana wani layi daban na tsabar kuɗi a kan M2. Shi wannan in yana sauka a hankali shekara da shekaru, mutane na ƙara yarda da banki ke nan.

Lawali_Ƙonni:
To Hajiya, na ji maganar harafi. Amma ajiya a kan GDP ma tana da nata. Albashin ma'aikatan gwamnati da kuɗin ƙungiyoyin agaji da na ayyukan raya ƙasa su ne suka cika asusun Yamai. Wannan ba ajiyar talaka ba ce.

Malam_Ƙididdiga:
Wannan gaskiya ne, shi ya sa ake raba ajiyar gida biyu: wadda ake iya cirewa kowane lokaci, da wadda aka ɗaure na wani wa'adi tare da asusun tanadi. Ta biyun ita ce ke nuna mutum ya yarda ya bar kuɗinsa ya kwana.

Zainabu_Maraɗi:
Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu zurfi ake aunawa, wato yawan kuɗin. Ba a taɓo mutum nawa abin ya kai gare su ba. Bashi zai iya ninkawa alhali manyan 'yan kasuwa ashirin ne suka kwashe shi. A nan BCEAO tana da ma'auni uku da ya kamata Malam Sani ya sani, kuma duka a kan 'yan shekara 15 zuwa sama ake rabawa. Na farko ya ƙirga masu asusu a bankuna da gidan waya da baitulmali. Na biyu ya ƙara masu asusu a ƙananan cibiyoyin ajiya da bashi, waɗanda ake kira SFD. Na uku ya ƙara masu asusun kuɗi na wayar salula. Kada a haɗa su a layi ɗaya, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin.

Aibinsu shi ne daga rahoton cibiyoyin ake tattaro su, ba daga bakin mutane ba. Mai asusu a banki, da wani a SFD, da layin waya biyu, yana iya fitowa mutum huɗu in ba a tace ba. Kuma a asusun waya a nemi masu motsi kawai, wato waɗanda aka yi hulɗa da su ko sau ɗaya cikin kwana 90. Waɗanda aka buɗe lokacin rijistar layi aka manta da su suna da yawa ƙwarai.

Dr_Kabiru_Zariya:
Maganin ƙirga mutum sau huɗu shi ne lamba guda ga kowane mai asusu, kamar BVN da aka fara a Najeriya a 2014. Daga nan aka gane bambancin yawan asusu da yawan masu asusu. In babu irin wannan, sai a koma binciken gida-gida. Findex na Bankin Duniya ya nuna masu asusu a Nijar kusan kashi 2 a 2011, kusan 7 a 2014, kusan 16 a 2017, sannan ya sauko kusan 12 a zagayen 2021.

Baban_Ummi:
Ke nan baya aka ci bayan 2017? Me ya faru?

Malam_Ƙididdiga:
Kada ka yi saurin yanke hukunci, Baban Ummi. Mutum kusan 1,000 ake tambaya a kowace ƙasa. In kashi 12 ne suka ce suna da asusu, tazarar kuskure ta kai maki 2 sama ko ƙasa, kuma tunda unguwa-unguwa ake zaɓen gidaje ba ɗaiɗai ba, tana iya kusantar 3. Lambar 2017 ma tana da tata tazarar. Saboda haka 16 da 12 suna gab da taɓa juna. Ga shi kuma masu binciken kan tsallake yankunan da babu tsaro, kuma yankunan da aka tsallake ba lallai su zama ɗaya a kowane zagaye ba. Wani abu kuma, Dakta bai faɗa ba: a 2011 asusun waya ba ya cikin ma'anar mallakar asusu, sai a 2014 aka shigar da shi. Don haka hawan 2 zuwa 7 ma akwai canjin tambaya a ciki. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne an tashi daga kusan babu zuwa mutum ɗaya cikin bakwai ko takwas, kuma an yi jinkiri a nan.

Mamman_Damagaram:
Ni abin da ke ba ni mamaki da waɗannan ma'aunai shi ne sun makance da abin da kowa ke gani a tasha. Ɗan Nijar in zai aika kuɗi gida, Nita yake zuwa, ko Al Izza, ko Amana, ko BNIF Afuwa, ko Zeyna. Ya miƙa kuɗi a kanta, a ba shi lamba, ɗan'uwansa ya karɓa a wani gari. Babu asusu. A ma'aunin mallakar asusu wannan mutumin sifiri ne, daidai da wanda bai taɓa ganin ƙofar wata cibiya ba. Shi ya sa in aka jera Nijar da Kodebuwa ko Senegal a kuɗin waya sai a ga kamar ba a komai a nan, alhali aikin da waya ke yi can kamfanonin aike ne suka riga suka kama shi a nan. Duk wanda zai auna Nijar ya nemi adadin rassan kamfanonin nan da jimillar kuɗin da suka aika a shekara, ya raba da GDP, ya ajiye shi layi mai zaman kansa.

Zainabu_Maraɗi:
Na yarda da Malam Mamman, da sharaɗi. Aika kuɗi hidima ce guda. Ba ajiya ba ce, ba bashi ba ne, ba inshora ba ce. In aka cusa shi cikin ma'aunin zurfi za a ruɗi kai. Sai dai yanzu da wasu daga cikin kamfanonin suka fito da manhajar waya mai riƙe kuɗi, iyakar ta fara gogewa, kuma shekarar da aka fara ƙirga su cikin asusun waya za a ga tsalle a layi na uku. A sa alama a wannan shekarar.

Inna_Rakiya:
To adashi fa? Da asusun mata? Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 da tallafin ƙungiyar agaji ta CARE, daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka. Mata ashirin zuwa talatin, zubi kowane mako, a ba juna bashi daga akwatin, a raba a ƙarshen zagaye. Ajiya ce da bashi cikakku. Ba su cikin lissafin BCEAO ko ɗaya daga ukun da Malama Zainabu ta kawo.

Dr_Kabiru_Zariya:
Hajiya, ba raina su ake yi ba, amma ina ganin bai kamata a kira su ci gaban fannin kuɗi ba. Kuɗin ƙungiya ba ya fita daga ƙauyen. A damina kowa na neman bashi lokaci ɗaya, a kaka kowa na da abin zubi lokaci ɗaya. In fari ya zo duk tare suke shiga. Aikin fannin kuɗi shi ne ya ɗauko rarar wani wuri ya kai inda ake buƙata, ya kuma mayar da ajiyar wata uku ta zama bashin shekara biyar. Akwati ba ya wannan.

Inna_Rakiya:
Dakta, bankin ma yana yi? Je ka duba kason noma da kiwo cikin bashin bankunan Nijar, fannin da ke ba da kusan kashi 40 na GDP. Bai taka kara ya karya ba. Yawancin bashin na gajeren wa'adi ne, na shigo da kaya. In ma'auninka shi ne kai kuɗi inda ake buƙata, to bankin ma ya faɗi jarrabawar. Ni ban ce a haɗa akwati da banki a lamba ɗaya ba. Cewa na yi a ƙirga shi. Findex ma yana tambayar ko mutum ya yi tanadi a ƙungiya ko wurin wani da ba danginsa ba, amsar tana nan, ba a dai ɗauko ta.

Zainabu_Maraɗi:
Akwai gada tsakaninsu da ake iya aunawa: jinginar hatsi. Manoma su zuba gero ko wake a rumbun ƙungiya a kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya ɗaya wurin SFD, a ba su bashi ƙasa da darajar hatsin a farashin kaka, su biya bayan wata biyar ko shida lokacin da farashi ya tashi. Wannan yana shiga littafin SFD. Inda yake lalacewa shi ne shekarar da farashi bai tashi ba, ko ƙwari suka shiga wake, ko kuɗin ya iso a makare bayan manomi ya riga ya sayar.

Ilya_Agadas:
Wani abu da ba a ambata ba. A Findex akan tambayi marasa asusu dalilinsu, kuma Nijar na cikin ƙasashen da masu cewa dalilin addini suka fi yawa. Mutumin da ya guje wa riba da gangan ba daidai yake da wanda banki ya yi wa nisa ba. In ba a raba su ba, sai a yi ta gina rassa ana mamakin rashin masu shiga.

Lawali_Ƙonni:
Haka ne, amma a tambayar ana iya zaɓar dalili fiye da ɗaya, kuma rashin kuɗin da za a ajiye shi ne kan gaba nesa ba kusa ba.

Sani_Tasawa:
Na gode ƙwarai, amma kun ba ni layi goma alhali ɗaya na nema. Ma'aunin da IMF, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta haɗa fa, mai tafiya daga 0 zuwa 1, wanda ya faro daga 1980? Ba shi ne ya tattara duka ba?

Malam_Ƙididdiga:
Yana da amfani wurin jera ƙasashe, amma ga bin ƙasa ɗaya matalauciya shekara da shekara ba ya gani sosai. Ga yadda aka gina shi. An raba shi gida biyu, cibiyoyi da kasuwanni, kowane gida kuma an duba zurfi, da kaiwa ga jama'a, da inganci. Gidan kasuwanni hannun jari ne da takardun bashi. Nijar ba ta da kasuwar hannun jari tata, BRVM da ke Abijan ce ta ƙasashen takwas tun 1998, kuma in ka cire bankin BOA Nijar ba ka da abin nunawa a can. Kusan rabin makin ke nan ya tafi. A gidan cibiyoyi, kaiwa ga jama'a rassan banki ne da na'urorin ATM a kan manya 100,000. Babu wakilin kuɗin waya, babu kantar aike, babu SFD. Sannan kowace lamba an auna ta ne tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma a duniya, don haka Nijar ta ninka bashinta sau biyu ma, motsin da za ka gani ɗan kaɗan ne a gindin zane. Kuma babu batun ƙarfin bankuna a cikinsa sam.

Hadiza_Yamai:
Ɓangaren ingancinsa ma akwai abin dubawa. Ana ba da maki ga ribar banki a kan kadarorinsa, alhali a ƙaramar kasuwa riba mai yawa tana iya zama alamar rashin gasa. Sai tazarar kuɗin ruwa tsakanin bashi da ajiya. A yankin sefa ba kasuwa kaɗai ke yanke ta ba. Asusun tanadi an ƙayyade masa kashi 3.5. A sama kuma akwai rufi: a 2014 aka sa kashi 15 ga bankuna da 24 ga SFD, a da 18 ne da 27. In rufi ya sauko, tazarar kan takarda tana raguwa, amma abin da ke faruwa shi ne an daina ba ƙaramin mai nema da na nesa, tunda kuɗin bin sa ya fi abin da doka ta yarda a caje shi. Sai ma'auni ya ce inganci ya ƙaru. Duk da haka rahoton BCEAO kan sharuɗɗan bankuna yana nuna kuɗin ruwan bashi a Nijar na cikin mafi tsada a yankin.

Dr_Kabiru_Zariya:
Batun ƙarfin bankuna da Malam ya taɓo, kada a wuce shi. Najeriya ba ta cikin rukunin matalautan ƙasashe a lissafin Bankin Duniya, amma darasin ɗaya ne. Bayan haɗe bankuna daga 89 zuwa 25 a 2005, bashi ya yi ta hawa a 2007 da 2008, kowa na cewa fannin ya zurfafa. Kaso mai yawa bashin sayen hannun jari ne da na shigo da mai. A 2009 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya shiga ya ceto bankuna, a 2010 aka kafa AMCON ta saye rubabben bashin. Daidai da abin da Hajiya Hadiza ta faɗa kan BDRN. Saboda haka duk inda aka zana bashi a kan GDP, a zana kason bashin da ya ƙi biyuwa a ƙarƙashinsa.

Hadiza_Yamai:
Da gargaɗi ɗaya, Dakta. A yankinmu an sauya tsarin littafin bankuna da ƙa'idojin jari a 1 ga Janairun 2018, aka koma ƙa'idojin duniya na Basel II da III, kuma yadda ake rarraba bashin da ya makara ya canza, aka matso kusa da ƙa'idar kwana 90, wato wa'adin makarar da ake ƙirga bashi cikin wanda ya ƙi biyuwa. Lambar 2017 da ta 2018 ba a kan sikeli ɗaya suke ba. Kuma a duba biyu: kason kafin a cire tanadin asara, da kason bayan an cire. Hukumar sa ido kan bankuna da ke Abijan, wadda aka kafa a 1990, tana buga duka biyun a rahotonta na shekara. Kafin 1990 kuwa kada ma a wahala, lambobin ba abin dogaro ba ne.

Wani layi da ya kamata a ƙara shi ne takardun bashin gwamnati a cikin kadarorin bankuna. Tun da gwamnatoci suka koma cin bashi a kasuwar yankin, musamman bayan kafa UMOA-Titres, hukumar da ke taimaka musu fitar da takardun bashi, a 2013, banki na iya girma ba tare da ya ƙara wa ɗan kasuwa ko tamma ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya har zuwa Fabrairun 2024, gwamnati ta kasa biyan wasu takardun a kan lokaci, bankuna suka shiga ƙarancin tsabar kuɗi, aka riƙa ƙayyade abin da mutum zai cira. Ma'aunin zurfi na ƙarshen shekara bai nuna wannan da kyau ba. Sai an duba alƙaluman wata-wata.

Mamman_Damagaram:
Ga wani tarko a gaba. Tun da aka fara fitar da ɗanyen man Agadem ta bututun Benin a 2024, GDP zai yi ta tsalle. Jarin aikin daga waje ya zo, ba daga bankunan Yamai ba. Bashi a kan GDP zai sauka ko da bankuna sun ƙara ba da bashi. A raba da GDP wanda aka cire mai da ma'adinai. Haka ma shekarar da damina ta yi kyau layin kan sauka, shekarar fari ya hau. Wanda bai sani ba sai ya ce fari na bunƙasa bankuna.

Malam_Ƙididdiga:
Maganin na damina shi ne matsakaicin shekara uku ko biyar. Ko kuma a bar GDP gaba ɗaya, a lissafa bashi na haƙiƙa a kan kowane baligi: bashi a raba da ma'aunin farashi, a raba da yawan 'yan 15 zuwa sama. Sai dai nan ma ƙidayar 2012 ce tushe, mutum miliyan 17.1 da ƙaruwar kashi 3.9 a shekara, abin da ya biyo baya hasashe ne. Da irin wannan ƙaruwa, sai rassa da asusu sun ƙaru da kusan kashi 4 kowace shekara kafin ma a tsaya wuri ɗaya.

Ilya_Agadas:
Kuma don Allah a bar ma'aunin rassa a kan murabba'in kilomita 1,000. Ƙasa mai faɗin kilomita 1,267,000 wadda mafi yawanta hamada ce, me zai gaya maka? A yi shi jiha-jiha, ko a ƙirga ƙananan hukumomi nawa ne ba su da ko wurin hulɗar kuɗi ɗaya. In aka cire Yamai daga lissafi, hoton daban ne.

Sani_Tasawa:
To bari in faɗi abin da na ɗauka, ku gyara. Daga 1980 zuwa yau layi biyu ne kawai ke da tsawon: bashi ga masu zaman kansu da ajiya, duka a kan GDP mai tushe ɗaya, da alama a 1990, 1994, 2018 da 2023. Na kaiwa ga jama'a ba za su wuce 2004 baya ba, tunda daga nan alƙaluman IMF na rassa da asusu suka fara.

Hadiza_Yamai:
Ni da zan yi, daga 1995 zan fara, in bar shekarun baya a zane daban. Haɗa zamanin BDRN da na yau a layi ɗaya shi ne ya haifar da tambayarka tun farko.

Dr_Kabiru_Zariya:
Ban yarda a yanke ba, Hajiya. In ka fara daga 1995 ka fara daga rami, komai zai zama hawa, kuma mai karatu ba zai san an taɓa rushewa ba. A bar 1980, a rubuta bayani a ƙarƙashi.

Inna_Rakiya:
Ku dai yanke inda za ku yanke. Malam Sani, a zanen kaiwa ga jama'a ka raba maza da mata, birni da ƙauye. Findex yana ba da rabon, sai dai in aka raba mutum 1,000 gida huɗu tazarar kuskuren da Malam Ƙididdiga ya lissafa za ta kusa ninkawa.

Zainabu_Maraɗi:
Kuma na SFD ka karɓo daga ARSM, hukumar da ke sa ido a kansu a Nijar, ba daga BCEAO kaɗai ba, ka tambayi cibiyoyi nawa ne suka aiko rahoto a kowace shekara. In an janye lasisin wasu ko wata babba ba ta aiko ba, jimillar mambobi kan faɗi ba don mutane sun fita ba. Ka kuma tambaya ko ƙungiya mai mata talatin an ƙirga ta mamba ɗaya ne ko talatin, domin cibiyoyin ba su yi daidai a kan wannan ba.